Neman hafsan soja bayan digiri: abin da zuwa biyu ya koya mini

Tun da na dawo hutu Sakkwato samarin unguwarmu ke tare ni bayan Magariba da tambaya ɗaya: wanda ya gama jami'a, ta ina zai shiga soja a matsayin hafsa? Wasu sun ji labarin sojan ajiya irin na Amurka da Ingila, inda mutum ke riƙe aikinsa na farar hula yana zuwa atisaye lokaci-lokaci. A nan, ƙofar da ta fi kusa da mai digiri ita ce ta gajeren zango, kuma kashi biyu ce. SSC ta mayaƙa ce, ana horonta a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, a fito da muƙamin laftanar na biyu. DSSC kuwa ta masu sana'a ce: likita, injiniya, lauya, malami da makamantansu.

Ka fara da takardu tun kafin sanarwa ta fito. Ana neman digiri aƙalla mai daraja ta biyu ƙarama ko HND, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta ɗauke maka ita, da shaidar haihuwa, da ta asalin jiha da ƙaramar hukuma. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace 1.65. Iyakar shekaru takan bambanta tsakanin kashi biyun, don haka ka karanta sanarwar shekararka da idonka, kada ka dogara da ta abokinka. Fom ɗin a shafin intanet na rundunar sojan ƙasa ake cike shi, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da hanya, ɗan damfara ne, ko da ya turo maka hotonsa cikin kaki.

A nan na faɗi zuwan farko. Takardar sakandare ta ce Abubakar, ta jami'a ta ce Abubakar Garba, katin ɗan ƙasa kuma ya juya sunayen. Mu mun san Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, amma sajan ɗin da ke riƙe da fayil ba ruwansa. Ya ɗaga takardu biyu ya haɗa su gefe da gefe, ya dube ni, ya nuna min ƙofa da biro. Ko takalmin gudu ban ciro daga jaka ba. Ka shimfiɗa takardunka a tabarma yau, ka duba harafi-harafi da ranar haihuwa, ka gyara abin gyarawa da rantsuwar kotu tun da sauran lokaci.

Gudu kuma, wata uku kafin tantancewa ka soma. Da an sallame Asuba ka fita, domin ranar Sakkwato ba ta bari a yi wasa da ita bayan ƙarfe takwas. Ka je asibiti a auna jininka da idonka. Gwajin lafiyarsu ba ya ɗaga ƙafa.

Sai maganar shugabanci, inda mutane suka fi ruɗewa. Kafin in koma karo na biyu na je gaida wani kawuna, tsohon soja da ya yi zama a barikin Giginya. Ya ce, "Ɗana, in sunka ba ku aiki, kak ka yi ta hargowa. Duba wanda ad da rauni cikinku, shi za su auna ka da shi." A lokacin ban gane ba. Ran da aka raba mu rukuni aka ba mu aikin haɗin gwiwa, wani dogo ya kama ba da umarni kamar mai kiran kasuwa, kowa ya yi tsaye yana kallonsa. Ni dai na tambayi wa ya taɓa ɗaurin kaya, wani siririn yaro daga Illela ya ɗaga hannu, na miƙa masa igiya, na sa mai kiɓar cikinmu ya fara wucewa tun muna da ƙarfin tallafa masa. Hafsan da ke gefe bai ce uffan ba, rubutu kawai yake yi. Kallon nan bai tsaya a fili ba, har layin abinci da yadda kake amsa wa kurtun da ya daka maka tsawa.

A gaban kwamitin ganawa, in an ce ka taɓa jagorantar wani abu, kada ka ce "ni haifaffen shugaba ne". Ka kawo abu guda mai ƙafa: mutum nawa, wace matsala, me ka yanke, ina ka kuskure. Ni labarin gyaran rijiyar burtsatse na ba su, lokacin bautar ƙasa, har da yadda kuɗin ya gaza na koma bin gida-gida. Ka kuma san jiharka: ƙananan hukumomi 23, hedikwatar Runduna ta 8 a cikin gari, da cewa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar birgediya janar ne kafin a naɗa shi a 2006.

Ran tafiya ka riƙe takardun asali da kwafi da hotunan fasfo cikin leda mai zif, ka kwana a garin tantancewar tun jajibiri.