Kurakuran da masu gini a Yamai ke yi wajen jan wayar intanet

Yanzu duk wanda ya gina gida a Yamai yana son wifi ya kai ko'ina, daga salon har ɗakin yara, ga kyamara a bakin ƙofa. Amma sai an gama shafe, an yi fenti, sannan mai gida ya tuna da wayar intanet. Na gaji da ganin sabon bango ana fasa shi da guduma.

Babban kuskure shi ne rashin binne tiyo tun kafin shafe. Ranar da mai aikin wuta ke binne nasa tiyon, ranar ake binne na intanet, amma dabam, kada su kwana cikin tiyo ɗaya da wayar kuran mai volt 220. Kowane ɗaki tiyonsa ya taho kai tsaye zuwa wuri guda a tsakiyar gida, inda akwatin wifi zai zauna. Ba a sarƙa shi daga ɗaki zuwa ɗaki kamar wayar fitila. Ni al'adata tiyo mai faɗin milimita 25 nake sawa, in bar igiyar ja a ciki, bayan talabijin kuma in sa biyu. Wasu na cewa almubazzaranci ne. To, su je su tambayi kuɗin fasa bango da sake fenti.

Kuma kada magini ya ce maka, "Alhaji, ai wifi ya wadatar." Bulo da rufin kankare mai rodi cinye sigina suke yi. Tasha biyu wifi ke aiki da su: tashar 5 GHz ta fi gudu amma bango biyu sun isa su karya ta, ta 2.4 GHz ta fi ratsawa amma ba ta kai ta gudu ba. In gidan sama ne, waya za ka hau da ita, ka sa akwati na biyu a can.

Na biyu, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: wayar jabu da ake kira CCA. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Na taɓa sayen kwali guda mai mita 305, an rubuta Cat6, wato ajin wayar intanet mai gudu, ɓaro-ɓaro, mai shago yana rantsuwa, kuɗin kuma ya yi sauƙi har na ji daɗi. Na ja ta a gidan yayana, na haɗa kyamarori masu shan wuta ta cikin wayar intanet ɗin kanta. Da rana lafiya lau. Da dare, lokacin da fitilun ganin duhu suka kunna suna neman ƙarin wuta, sai kyamarorin nesa su mutu. Na canza kawunan da ke bakin wayoyin, na zargi kyamara, na zargi na'urar ajiyar hoto. Ashe alminiyam ce ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, ga ta da saurin karyewa in an lanƙwasa. Duka na zare, da kuɗin aljihuna na sayi wata, ban da kunyar da na sha gaban yaya. Haba jama'a! Araha ba ta ado. In za ka Katako ko Babbar Kasuwa, tafi da ƴar wuƙa, ka fere silin waya ɗaya ka kankare shi. In fari ya bayyana a ciki, ajiye musu kayansu. Kwalin ma in ka ɗaga za ka ji ya fi na gaske rashin nauyi.

Sauran ƙanana ne. Waya ɗaya kada ta wuce mita 100. Wajen matse kai, tsari ɗaya na jera launukan silin za ka bi a duka bakin biyu, ni wanda ake kira 568B nake bi. Sili takwas ne a cikin wayar, in ɗaya bai kama ba gudun gigabit, wato megabit 1000, kan iya faɗowa zuwa megabit 100, kai kuma kana ta zagin kamfanin rezo. Rubuta sunan ɗaki a bakin kowace waya, bayan shekara ba za ka tuna ba.

Wayar cikin ɗaki kada ka shimfiɗa ta bisa kwano, ranar Yamai za ta farfasa robarta. Akwai baƙa ta waje. Wadda ta ratsa tsakar gida zuwa ɗakin baƙi, ni cire ta nake yi in hadari ya taso da damina, don tsawa kan bi ta ta ƙona akwati.

Akwatin kansa mutane kan kulle shi cikin kabad don kada ya ɓata adon salon. A watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, me kake so ya yi in ba tsayawa ba? A ɗaga shi sama inda iska ke shiga, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu. Yawancinsu volt 12 suke sha, ƙaramin batir ya isa ya riƙe su in an ɗauke wuta, amma duba rubutun bayan naka tukuna.

Sai lambar sirri. Ka ba yaro ɗaya, kafin magariba duk fadar ƙofar gidanka tana kallon bidiyo da kuɗinka. Buɗe musu wifi na baƙi mai lambarsa dabam, ka taƙaita gudunsa, ka riƙa canza ta duk wata.