Kurakuran da mutanenmu ke tafkawa idan suka sauka a garuruwan bayan Paris

Bara kaɗai mutum huɗu na ba shawarar su kama masauki a Sceaux maimakon tsakiyar Paris, saboda kuɗin ɗaki ya fi sauƙi kuma mutum yana samun barci. Uku daga cikinsu sun kira ni cikin dare tun a kwana biyun farko, kowa da tasa matsalar, kuma duk abubuwan da na riga na ja musu kunne a kai ne. Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na rubuta. Daga yau wanda ya tambaye ni sai in tura masa wannan in koma barcina.

Sceaux ƙaramin gari ne mai mutum kusan 20,000, kimanin kilomita 10 kudu da tsakiyar Paris, a yankin Hauts-de-Seine. Yawancin mazauna garin da safe sukan bi jirgin ƙasa su tafi aiki, da yamma su dawo su rufe ƙofa. Shaguna, gidajen abinci, har haƙurin maƙwabta, duk a kan wannan tafiya da dawowa aka tsara su. Baƙon da ya zo da tunanin cewa yana cikin Paris ɗin da ba ta barci, tun daren farko yake fara biyan kuɗin koyo.

Sunan ma tarko ne. Haruffa shida aka rubuta, amma “So” ake faɗa, kamar son da ke cikin zuciya. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su da wannan matsala, mu 'yan Najeriya ne muke karanta shi da Turanci mu bar direban tasi yana kallonmu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne na jirgi. Layin da ke zuwa nan sunansa RER B. Yana tasowa daga arewa, ciki har da filin jirgin sama na Charles de Gaulle, ya ratsa Paris ta Gare du Nord da Châtelet-Les Halles da Denfert-Rochereau, ya gangaro kudu. A tashar Bourg-la-Reine sai ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi Robinson, shi ne ke tsayawa a tashar Sceaux. Ɗayan ya wuce Antony da Massy-Palaiseau har Saint-Rémy-lès-Chevreuse. Duk jiragen nan wuri ɗaya suke tsayawa a cikin Paris, launinsu ɗaya, harafinsu ɗaya. Ƙarin rikici, akwai tasha mai suna Parc de Sceaux, kuma a ɗaya reshen take. Ba kuma kowane jirgi ne ke tsayawa a kowace tasha ba.

A zuwana na farko na dawo daga hira a arewacin birni wajen ƙarfe goma sha biyu na dare. Na ga B, na ga jirgi ya nufi kudu, na faɗa ciki na zauna, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ban farka ba sai a Massy-Palaiseau, tasha ta watse, jirgin komawa ya ƙare, cajin wayata saura kaɗan, ga sanyin Nuwamba, ni kuma da 'yar shara da hula. Na fi rabin awa ina tsaye kafin in samu tasi, kuɗin ya haura Yuro 30, wato duk rangwamen da na samu a kuɗin masauki na wannan daren ya tafi. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Allo yana rataye a saman kaina a tasha yana nuna inda jirgin zai ƙare da tashoshin da zai tsaya, ban ɗaga kai ba.

Tun daga ranar ba na shiga jirgi sai na ga sunan tashata da idona a allo. Idan wanda ya zo ba na Robinson ba ne amma yana tsayawa a Bourg-la-Reine, ina shiga in sauka can in jira nawa, ko in taka da ƙafa idan ba ni da kaya, tafiyar ba ta da nisa. Kuma ina barin Paris kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Na san jirgi yana kaiwa bayan tsakar dare, na san akwai motocin dare da ake kira Noctilien, amma ni dai na haƙura da gwada sa'a. Wani zai ce na cika tsoro. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. Da safe kuma duba manhajar Île-de-France Mobilités kafin ka fita, domin yajin aiki da gyaran layi, musamman lokacin zafi da ƙarshen mako, sukan sauya lokutan jirgi.

Batun tikiti ya yi sauƙi tun ranar 1 ga Janairu 2025, lokacin da aka mayar da kuɗin jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa farashi ɗaya a duk yankin Paris, Yuro 2.50 a farkon tsarin, ban da zuwa filin jirgin sama mai nasa tikitin na daban. To amma har yanzu mutane suna bin tsohon bayanin da wani ya ba su shekaru biyar da suka wuce. Riƙe tikitinka har ka fita, domin a RER da shi ake buɗe ƙofar fita. Katin Navigo Easy ɗaya, wato katin da ake zuba tikiti a ciki, ba ya ɗaukar mutum biyu a tafiya ɗaya, kowa da nasa. Katin mako kuwa daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba kwana bakwai daga ranar da ka saya ba. Wanda ya iso Alhamis ya saye shi, kuɗin mako ya biya don kwana huɗu. Idan za ka yi na Navigo Découverte, katin da ake ɗora na mako a kansa, taho da ƙaramin hoto, ka manna, ka rubuta sunanka a jiki. Masu bin bayan wani su kutsa ta ƙofa kuma, don Allah ku bari. Masu duba tikiti ba sa jin “ni baƙo ne”, tara ce nan take, kuma kunyar ta dukanmu ce.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau idan na tuna nake jin nauyi: surutu da dare. Akwai wani ɗan gida da na kan kama, hawa na biyu, tagarsa tana kallon lambu, mai shi dattijuwa ce mai kirki. Wata shekara a watan Yuni muka sauka mu huɗu. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, don haka sallar Magariba a lokacin muke yi, sannan a zuba abinci, sannan a buɗe hira. Da zafi agogon Faransa yana gaba da namu da awa ɗaya, wato goman dare a can tara ce a Kano da Zinder, daidai lokacin da iyali ke kira. Ga waya a buɗe kowa na ji, ga dariya, ga gardamar siyasa, ga tagogi a wangale saboda yawancin gidajen ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Washegari muka tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa, an rubuta cikin ladabi cewa mutane suna tashi aiki da sassafe. Muka yi dariya muka ajiye. Dare na biyu muka maimaita. Da safe dattijuwar ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce maƙwabta sun kai ƙara wurin masu kula da ginin. Ba ta kore mu ba. Amma da na sake neman gidan bayan wata shida, amsa ɗaya ta ba ni, babu wuri, kuma haka ta ci gaba da ba ni har na daina tambaya.

Ku saurara, jama'a. Daga ƙarfe goma na dare zuwa bakwai na safe, gini irin wannan tsit yake yi, har takun takalmi ana ji daga hawa na ƙasa. Damun maƙwabta da dare laifi ne a dokarsu, 'yan sanda suna iya zuwa su yanka tarar Yuro 68. Ba ƙin baƙo ba ne, ɗan'uwansu Bafaranshe ma haka za su yi masa. Mu da muke cewa maƙwabci yana da haƙƙi har ya kusa cin gado, me ya sa da mun tsallaka teku sai mu manta? Ni yanzu da goma ta yi ina rufe taga, in sa abin kunne, in ce wa gida mu yi magana da safe. Injin wanki ba na kunna shi da dare. Hira a matakala ko a bakin ƙofar gini kuwa na daina ko da rana.

Abin mamaki, mu da gaisuwarmu ke kai minti biyar, mu ne muke shiga shagon burodi mu nuna abu da yatsa ba sallama. A can kalma ɗaya ake bukata, Bonjour, da yamma Bonsoir, in za ka fita Au revoir. Faɗa wa mai shago, faɗa wa direban bas, faɗa wa wanda kuka haɗu a matakala. Idan ka tsallake ta, fuska za ta ɗaure, kai kuma ka dawo gida kana cewa mutanen nan ba su da fara'a. Kada kuma ka zarce da tambayar gajiya da iyali, ba su saba ba. Yaron da ba naka ba kada ka ɗauka, kada ka ba shi alewa, kada ka yi masa hoto.

Sai yunwar Lahadi. Daga azahar ɗin Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, ƙananan kuma da yawa har Litinin ba sa buɗewa, a watan Agusta ma wasu sukan rufe makonni su tafi hutu. Gidan abinci yana ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, sai kuma daga bakwai na yamma. Ka je ƙarfe huɗu ka ce kana son shinkafa, kujeru za ka tarar a kife. Kasuwar gari ta safe ce, wajen ƙarfe ɗaya an fara kwashe rumfuna. Ni ranar Asabar nake cefanen kwana uku a titin Houdan da kewayensa. Koyi kalmomi uku kafin ka sayi komai: porc, jambon, lardons, duk naman alade ne, kuma na ukun yakan ɓuya cikin abin da kake zaton ƙwai da cuku ne kawai. Idan kewar miyar gida ta kama ka, bi RER B zuwa Gare du Nord, ka hau layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa tasha biyu zuwa Château Rouge, akwai kuɓewa da doya da manja da busasshen kifi da mahauta masu halal. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara a jakarsa, ƙwacewa ake yi.

Sauran ƙanana ne. Wanda zai sauka gidan ɗan'uwa, sai mai gidan ya karɓo masa takardar attestation d'accueil, wato shaidar cewa zai sauke shi, daga ofishin magajin gari tun kafin neman biza. Kan cajin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu, sayi mahaɗi tun daga gida. Rubuta lambobin buɗe ƙofar gini a takarda, waya tana mutuwa. Takardar Yuro 100 ba ta sayen burodi, nemi canji. Ƙayyadadden kuɗin tasi daga filin jirgi na cikin Paris ne kaɗai, zuwa Sceaux mita ce ke aiki. Kada ka shiga jirgin takwas na safe da manyan akwatuna. Rufe fuska gaba ɗaya a bainar jama'a haramun ne a dokar ƙasar tun 2011, mayafi da hijabi a titi kuwa babu laifi. Ranar Juma'a fita da wuri idan Babban Masallacin Paris kake so, wanda aka buɗe a 1926, domin yana cika.

Akwai kuma masu kwana biyar a garin ba su taɓa ganinsa da rana ba, kullum sammako zuwa hasumiyar Eiffel, dawowa cikin duhu. Ni ma sai a zuwa na uku na shiga lambun Sceaux, fili mai kusan hekta 180 wanda André Le Nôtre, mai tsara lambun fadar Versailles, ya zana wa Colbert, ministan Sarki Louis na 14, bayan ya sayi wurin a 1670. Shiga kyauta ne. Akwai dogon tafki miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya, kuma a watan Afrilu itatuwan ceri suna fure, iyalai su shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. A garin nan masana kimiyya Marie Curie da mijinta Pierre suka yi aure a 1895, a maƙabartarsa kuma aka binne su kafin a mayar da su Panthéon, ginin Paris da ake binne manyan mutanen ƙasar, a 1995. Sai dai karanta lokacin rufewa da ke liƙe a ƙofar lambun, domin yana sauyawa da tsawon rana. Da hunturu tun kafin ka ankara masu gadi sun fara kora, kuma idan ka fita ta ƙofar da ba ita ka shigo ba, za ka tsinci kanka a ɓangaren Antony, kusa da tashar ɗaya reshen.