Yadda za ki hau Ɗa'ifa ko Abha da kyanwarki lokacin ijaza

'Yan uwa na Makka da Jidda, ijaza, wato dogon hutu, ta zo, zafi ya haura digiri 40, kowa shirin hawa dutse yake zuwa Ɗa'ifa ko Abha, garuruwa masu sanyi, sai kuma a tsaya ana tambaya ya za a yi da mage. Wasu su zuba mata abinci a roba su kulle gida su kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, su tafi mako guda. Don Allah a daina. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana Bukhari da Muslim, duk mun san shi. Ko dai ki samu amintacce da zai rinƙa leƙa ta kullum, ko ki tafi da ita yadda ya kamata.

In tafiyar za ki yi da ita, to aikin tun a gida yake farawa. Akwatin nan na ɗaukar mage ki fito da shi kamar mako biyu kafin ranar, ki ajiye a falo ƙofa buɗe, ki shimfiɗa tsohon zanenki a ciki, ki ɗan jefa mata abin da take so. Za ki ga ta shinshina ta wuce, gobe ta sa kai, jibi ki tarar tana barci a ciki, shi ke nan ta yarda da shi. Amma wadda ba ta taɓa ganinsa ba sai ranar tafiya, wallahi sai ta yakushe ki kafin ta shiga kuma kuka za ta yi har ku isa.

Ki leƙa wajen likitan dabbobi ya duba rigakafinta, ki riƙe katin a jaka. Kar ki ba ta wani magani da kanki wai don ta yi barci, Panadol kam guba ne ga mage, kashe ta yake.

Ranar tafiya ku fita bayan asuba ko bayan isha'i. Ki ɗauke mata abinci kamar awa 3 zuwa 4 kafin tashi, ruwa kuwa ki bar mata, saboda hanyar Hada, wadda ke hawa dutse zuwa Ɗa'ifa, kwana ce bisa kwana, mutum ma kansa na juyawa balle ita. In kin san mai amai ce ku bi ta Sail, ɗaya hanyar Ɗa'ifa, ta fi nisa amma ta fi sauƙi. Akwatin a kujerar baya a ɗaure da bel inda sanyin mukayyif ke kaiwa, ba a but ba, ba a cinyar yara ba, ki rufa masa mayafi mara nauyi ta gefen rana.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayawa. An tsaya mahaɗɗa, wato gidan mai, za a yi sallah a sha shayi, a ce ai minti goma ne a bar ta a mota a kashe injin. Motar da ke rufe a ranar Saudiyya tanda ce, ko an ɗan sauke gilas. A yi karɓa-karɓa, ɗaya ya zauna da ita mota na kunne. In kika ga ta buɗe baki tana haki, yawu na zuba, ba gajiya ba ce zafi ne ya kama ta, ki jiƙa tawul da ruwa mai ɗan sanyi ba ƙanƙara ba ki shafa mata tafin ƙafa da ciki, ku nemi likita mafi kusa. Sannan kar a buɗe akwatin ƙofar mota na buɗe, in ta firgita ta faɗa ƙarƙashin tirela ba mai kamo ta. A Hada kuma inda birai ke taruwa a bakin hanya, gilas a rufe.

Masauki ki tambaya tun a waya ko suna karɓar mage, da yawa daga masu shugga da istiraha, wato gidajen haya da na shaƙatawa, ba sa yarda, gara ki ji tun kina gida. Da kun isa ki ware mata ɗaki guda, yashin bayan gidanta wanda ta saba da shi, kwanonta, ki duba tagogi da baranda. In ta ɓuya ƙarƙashin gado ki ce wa yara su ƙyale ta, da dare za ta fito ta ci. Abha da dare akwai sanyi da hazo ko a tsakiyar zafi, ki taho mata da ɗan bargo.