Darasi na Bakwai: Kumburin Hanji, Tsakanin Gado da Ƙwayoyin Ciki

Akwai zawo mai jini wanda ba atini ba ne, ba kuma basir ba. Mutum zai yi makonni yana fama da murɗar ciki, ya rame, ya ɗan samu sauƙi, sai abin ya dawo. Wannan shi ne kumburin hanji mai daɗewa, kuma iri biyu ne. Ɗaya a babban hanji yake tsayawa, yana yi masa gyambo. Ɗayan, cutar Crohn, wadda likitoci suka bayyana a Amurka a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki har dubura.

Hanjin kowa cike yake da ƙwayoyin bakteriya, ba sa ƙirguwa. Yawancinsu amfani suke yi mana, suna taya mu narkar da abinci, garkuwar jiki kuma ta saba zama da su lafiya. Amma a jikin mai wannan ciwo sai garkuwar ta far musu, bangon hanji ya kumbura. An gwada da ɓeraye masu saurin kamuwa: waɗanda aka rena babu bakteriya a cikinsu galibi ba su kamu ba, sai da aka sa musu.

To, ina gado ya shigo? A 2001 aka gano wata ƙwayar gado, NOD2, mai taimakon jiki ya gane bakteriya. Idan ta zo da tangarɗa, haɗarin cutar Crohn yana ƙaruwa. Yanzu an san wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado masu hannu a ciwon. Sai dai gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sau da yawa a tagwaye masu kama ɗaya, Hassan ya kamu, Husaini kuwa lafiya lau.

Ba a ɗaukar ciwon nan, ku ci abinci kwano ɗaya da mai shi. Abin gudu shi ne zuwa kemis a yi ta sayen flagyl ba bisa umarnin likita ba, domin irin waɗannan magunguna har ƙwayoyi masu amfani suke kashewa. Ibuprofen da diclofenac na iya tayar da ciwon, taba kuma tana tsananta Crohn. Idan zawo ya wuce mako biyu, ko aka ga jini, a je asibiti a yi gwajin bahaya da na jini. Wani lokaci sai an leƙa hanji da na'ura mai kyamara, don tarin fuka na hanji yana kama da Crohn ƙwarai, maganinsu kuwa daban.

Aikin aji: rubuta alamomi uku na wannan ciwo, ka karanta wa na kusa da kai.