Kurakuran da Gidauniyoyi Suka Fi Yi Wajen Tallafa wa Iyalai Masu Ƙaramin Ƙarfi da Ƙananan Yaransu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gidauniya ta ba da tallafin shekara guda, sannan ta nemi a nuna mata sakamako kafin shekarar ta ƙare, alhali girman yaro ba ya bin lissafin kasafin kuɗi. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, an fara wani shiri inda ma'aikatan lafiya suke ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har tsawon shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su riƙa wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike suka gano cewa abin da waɗannan yara suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Rahoton wata 12 ba zai taɓa nuna irin wannan riba ba. Gyaran shi ne a yi alkawarin shekara 3 zuwa 5, a kuma riƙa auna abin da zai aunu a halin yanzu, kamar yawan iyalan da suka ɗore a cikin shirin da yawan ma'aikatan da ba su bar aiki ba.

Wannan batu na ma'aikata shi ya kai mu ga kuskure na biyu, wato gindaya sharaɗin cewa ba za a taɓa kuɗin ba sai a kan shirin kansa. Ƙungiyar da ta karɓi tallafin tana biyan haya, tana biyan akanta, tana horar da sababbin ma'aikata. Idan aka hana ta waɗannan, abin da take matsewa shi ne albashi, sai mai ziyarar gida, wadda uwa ta ɗauki watanni kafin ta saki jiki da ita har ta faɗa mata damuwarta, ta ajiye aiki. A ganina wannan asara ta fi kowace tsada, ga shi ba a ganin ta a takardar lissafi. Gidauniyar Ford da ke ƙasar Amurka ta ware dala biliyan 1 ga shirinta na BUILD, domin ba ƙungiyoyi tallafin shekara 5 da za su sarrafa gwargwadon buƙatarsu. Ƙaramar gidauniya ma tana iya bin wannan hanya daidai ƙarfinta.

Akwai kuma masu kallon yaro kamar ba shi da iyaye. Gidan renon da yake rufewa da azahar, alhali uwa ba ta tashi daga aiki sai yamma, bai rage mata komai ba. Kafin a tsara shiri, a zauna da iyayen a ji ta bakinsu, a kuma biya su ladan lokacin da suka bayar.

Wasu gidauniyoyin sukan makara, sai yaro ya kusa shiga makaranta suke tunawa da shi, bayan kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, sun wuce. Ya kamata a haɗa da awon ciki, abinci mai gina jiki da lafiyar ƙwaƙwalwar uwa.

Takardun neman tallafi masu tsawo kuwa ƙananan ƙungiyoyin da suka fi kusa da iyalan suke kora. Fom gajere da rahoto ɗaya a shekara sun wadatar.