Kurakuran masu haɗa kiɗan shirin yara wajen bin sawun magabata

A situdiyoyin unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, furodusa kan zo da tsohuwar waƙar wani shirin yara na talabijin, ya ce wa mai haɗa kiɗa: "Maigida, irin wannan nake so." Daga nan matsala take farawa. Sai a ɗauki karin waƙar ɗungurungum, a sauya sauti biyu ko uku, a ce sabuwa ce. Wannan kwafa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare aikin mawaƙi tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma ko waƙar gargajiya za a yi kasuwanci da ita, sai da izinin National Folklore Board, hukumar da ke kula da al'adun gargajiya ta ƙasar.

Abin da ake ara shi ne hanyar aikin. Saurari waƙoƙin magabacin biyar ko shida, ka rubuta bugu nawa ne a minti, waɗanne kayan kiɗa ya sa, baiti layi nawa ne, a ina amshi ke shigowa. Sannan ka ajiye su kwana biyu kafin ka taɓa fiyano, don kada kunnenka ya kwaso karinsa ba ka sani ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ɗora baitin Hausa a kan karin da aka gina don Turanci ko Tuwi. Hausa tana da hawa da saukar murya, da doguwar gaɓa da gajera. "Gari" na zama yana farawa da gajeriyar gaɓa a ƙasa, "gari" na tuwo kuwa da doguwa a sama. In kari ya ja gaɓar farko ya ɗaga ta, yaro zai ji garin tuwo alhali Kumasi kake nufi. Yara kuma da waƙa suke koyon furuci, shi ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran shi ne ka fara karanta baitin da baki, a hankali, mai kalangu ya bi muryarka, sannan ka ciro karin daga abin da kalangun ya faɗa.

Akwai kuma tsayin murya. Babba ya rera inda ya yi masa daɗi, yara su zo suna maƙurewa. Tsaya tsakanin Do (sautin farko na do-re-mi) ta tsakiyar fiyano da Do ta samanta, ka gwada da yara uku ko huɗu kafin ɗauka.

Masu bin salon hailaif, wato kiɗan rawa na Ghana, kan bar kwamfuta ta daidaita kowane bugu cif-cif, kiɗan ya sandare. Ƙarfen dawuro (ƙararrawar da ake bugawa da sanda) da jita a buga su da hannu, a bar musu ɗan jan nan nasu.

Wajen fitarwa, saitin ɗaukar sauti (sample rate) na aikin bidiyo 48 kHz ne, ba 44.1 ba. Ka saurara a lasifikar waya da ta ƙaramin talabijin. In kalmomin amshi ba su fito tar ba, rage jita da ganga har su fito.