Tarin yara a lokacin hunturu

Assalamu alaikum iyaye mata. Hunturu ya kama, gida-gida yara sai tari da majina, shi ne na ce bari in ɗan tunasar da mu.

Yawancin mura kan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma kafso ba ya maganinta, asarar kuɗi ce kawai a kemis. A yawaita ba yaro ruwan ɗumi da kunu. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi. Zuma ƙaramin cokali kafin barci tana sassauta tari, amma ban da jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko da kakarsa ce ta ce a lasa masa.

Sai hayaƙi. Ki goya yaro ki duƙa gaban murhu kina hura kara, da dare a rufe ɗaki da garwashi da turaren wuta, ina tari zai lafa? A bar yaro can gefe har a sauke tukunya.

Abin da ya fi damuna shi ne numfashi. In ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. Idan numfashin ya yi sauri haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya kasa kama nono, a nemi mai babur a tafi asibiti, kada a jira ranar kasuwa. Tarin da ya wuce mako 2 kuma a je gwajin tarin fuka.